Horar da doki daga ƙasa da dogayen igiyoyi

Doki yana iya koyon tafiya, tsayawa da juyawa tun kafin a hau bayansa. Kayan aikin: igiyoyi biyu, kowace mita 8 zuwa 10, da majayi mai zobba a gefe. In babu shi, a ɗaura sirdi, a haɗe likkafu da igiya ta ƙarƙashin ciki don kada su riƙa lilo, a zura igiyoyin ta cikinsu. Kwanakin farko a maƙala igiyoyin a ragama. Linzami sai daga baya, domin nauyin doguwar igiya kaɗai ya ishi bakin duƙushi.

Kada a soma sai ya saba zagaye da igiya ɗaya, yana jin murya. Sannan a riƙa shafa masa igiya a kuturi da cinyoyi, wani na riƙe da kansa, har ya daina zabura. Wanda ya tsallake wannan yakan gamu da matsalar da ta fi kowace muni: igiya ta shige ƙarƙashin wutsiya, doki ya matse ta, ya firgita, ya ruga. In haka ta faru, a saki. Ja yana ƙara masa matsewa.

Ka tsaya a baya amma ta gefe, inda yake ganinka kuma harbinsa bai kai ba. Sa safar hannu, kada ka kuskura ka naɗe igiya a hannu, ragowar kuma kada ta ja ƙasa ta harɗe maka ƙafa.

Igiyar waje, wato ta gefen da ya fi nisa da kai idan yana zagaye, ita ce mai wuyar sha'ani. Tana bi ta bayan cinya, sama da gwiwar baya, don haka duk takun ƙafa yana fizgarta. Hannu mai tauri yana kai wannan fizgar har baki, sai ka ga doki yana kaɗa kai ko yana turjewa. Bar hannunka ya bi takun. Wajen juyawa, sassauta ta waje kafin ka taɓa ta ciki. Da ya amsa, sakar masa nan take. A ganina nan ne karatun yake shiga.

Minti 15 zuwa 20 sun isa, a raba su daidai tsakanin dama da hagu. Kada a shiga sassarfa sai tsayuwa ta zauna masa.