Asabar a gida da tsofaffin wasannin harbi

Yau ban leƙa shago ba. An kwana ana ruwa, hanyar unguwarmu duk ta caɓe, sai na ce bari in zauna in yi aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato kwashe abin da ke cikin wani tsohon filash zuwa laftof. Cikin tarkacen hotunan biki da takardun makaranta na ci karo da Virtua Cop 2. Aikin kwashe kaya dai a nan ya tsaya.

Duk wanda ya yi zaman shagon kwamfuta a farkon shekarun 2000 zai tuna wannan gem. Kamfanin Sega na Japan ya fitar da shi a 1995 don injinan gidajen wasa, irin waɗanda ake jefa wa kwabo, ya iso kwamfuta a 1997. Da farko ya ƙi tashi a laftof ɗin. Sai da na shiga saiti na sa Windows ya buɗe shi a matsayin manhajar tsohon zamani, sannan motar 'yan sandan nan ta bayyana.

Ɗan yayata da ya zo mana hutu yana gefe yana latsa waya. Shi ɗan Free Fire ne. Na miƙa masa maus, ya ɗan jujjuya shi, ya lalubi kibod, ya ɗago ya ce, "Kawu, ina maɓallin tafiya?" Na ce babu, gem ɗin ne ke tafiya da kai, naka saiti da harbi kawai. Ya kwashe da dariya, wai ai wannan na jarirai ne. Bai kai ƙarshen bin motocin ɓarayin ba aka gama da shi.

Abin da bai gane ba shi ne, a irin waɗannan wasannin kana kamar fasinja ne a bayan ɗan acaɓa: shi ke zaɓar hanya da gudu, kai dai ka buɗe ido. Tunda masu gem ɗin sun san daidai inda za ka kalla a kowace daƙiƙa, kowane ɗan bindiga da hannu suka dasa shi inda yake. Wani ya leƙo ta bayan akwati, wani ta taga, kana cikin ɓarin wuta sai ga farar hula ya ɗago hannu yana neman ceto, ka harbe shi a cire maka rai ɗaya. Akwai da'ira da ke kewaye ɗan bindigar da ya kusa harbinka, tana sauya launi daga kore zuwa rawaya zuwa ja. Ita ke gaya maka wa za ka fara kayarwa. Harsashi shida ne a bindigar, kuma in ka samu mutum a hannu ka kakkaɓe masa makami, makinka ya fi na wanda ya harbi ƙirji. Wannan dokar ta ƙarshe ita ta kama yaron. Ya daina ɓarin harsashi, ya koma lissafi. Har aka kira azahar yana nan.

Bayan mun dawo masallaci muka ci dambu, ya tambaye ni ko da gaske da bindigar roba ake buga shi a asali. Da gaske ne, kuma a nan matsalar tsofaffin wasannin nan take. Waccan bindigar ba ta harba komai, kallo take yi. Tsohuwar talabijin mai doro tana zana hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa cikin sauri, ita kuma bindigar tana da ɗan ido a baki da ke lura da lokacin da hasken ya wuce ta inda ka saita. Da wannan lokacin na'ura ke gane wurin da ka nufa. Talabijin shafaffiya ta yanzu ba haka take nuna hoto ba, shi ya sa tsofaffin bindigogin suka zama kayan ado. Akwai wata sabuwa, Sinden, da aka ƙera a Ingila, mai kyamara a ciki, wadda ke bin wani farin layi da ake zagaye allon da shi. Amma kafin ta iso hannunka a nan, kuɗin ya wuce na wasa.

Maus ya wadatar, ko da yake ba ga kowane gem ba. Virtua Cop bai rasa komai ba, sai ma sauƙi da ya ƙara, don hannu a kan tebur ya fi hannu a iska tsayuwa. Time Crisis na kamfanin Namco kuwa, wanda shi ma na 1995 ne, daɗinsa a ƙafa yake. Akwai feda da kake takawa ka fito ka yi harbi, ka saki ka ɓuya ka sake ɗura harsashi. Ana iya buga shi da manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin injina, irin su MAME, a mayar da fedar maɓalli, sai dai ni a ganina rabin gem ɗin ya tafi.

Da la'asar uwargida ta shigo ta same mu a kan The House of the Dead 2, gawarwaki na tasowa, jini na fallatsa. Kallon da ta yi mini ya isa. Na rufe. Amma hakan ya tuna mini da ɗan'uwansa, The Typing of the Dead na 1999, wanda har yau ban ga dabara irin tasa ba. Gem ɗin dai shi ne, hanya ɗaya, dodanni ɗaya, sai dai kowane dodo yana zuwa da kalma a rubuce a jikinsa, kai kuma ka buga ta a kibod kafin ya iso. Jaruman ma an cire musu bindiga, an rataya musu kibod a gaba da na'urar wasan Sega mai suna Dreamcast a baya. Na san mutanen da suka biya kuɗin koyon taifin ba su samu saurin da wannan abin dariyar ke bayarwa ba. Akwai na baya, Overkill, da ya fito a 2013 a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, amma ashar ɗin da ke ciki ta yi yawa ƙwarai. Ba na gidan da ke da yara ba ne, ko da an rage murya.

Star Fox kuma, na 1993 da na 1997, su ma irin waɗannan wasannin ne, amma kamfanin Nintendo ba ya sayar da su a kwamfuta, don haka ban ɓata lokaci a kansu ba.

Bayan isha'i, yaro ya kwanta, wuta ta dawo, na buɗe biyun da na saya da kuɗina tun bara ban taɓa zama na buga su da natsuwa ba. Panzer Dragoon ya fara fitowa ne a na'urar wasa ta Sega Saturn a 1995, aka sabunta shi a 2020. Kana bisa wani shuɗin dodo mai fukafukai, kana ratsa kangayen da ruwa ya cinye da hamada, maƙiya na zuwa ta gaba da baya da gefe, dole ka riƙa juyawa kana duba 'yar taswirar da ke kusurwa. Sabon ya fi tsohon kyan gani nesa ba kusa ba, amma saitin harbinsa bai zauna mini a hannu ba, kuma laftof ɗina ya ɗau zafi har fanka na kuka. Gajere ne, ana iya gama shi a zama ɗaya.

Rez shi ne na yau. Tetsuya Mizuguchi ya jagoranci yin sa, ya fito a 2001 a Dreamcast da PlayStation 2, sabonsa mai suna Rez Infinite ya zo kwamfuta a 2017. Ba jini, ba gawa, layuka ne kawai na haske a cikin duhu, wai kana kutsawa cikin wata babbar na'ura. Kana danne maɓalli ka shafa saiti a kan maƙiya har takwas, ka saki, harbin ya tafi a tare. Kowane harbi yana da sautinsa, kuma gem ɗin na jinkirta shi ɗan kaɗan don ya faɗa daidai kan bugun kiɗan. Ko ba ka iya ba, sai ka ji kamar kai ke kiɗan. Da yake tun asali ba a yi ƙoƙarin sa hotonsa ya yi kama da duniyar gaske ba, shekaru ba su nuna a jikinsa yadda suka nuna a fuskokin 'yan sandan Virtua Cop masu kusurwa-kusurwa. Da abin sauraro na kunne ya kamata a buga shi, lasifikar laftof tana kashe shi.

Na kai mataki na uku aka sake ɗauke wuta, cajin kuma bai da yawa. Yayata ta turo saƙo tana tambaya ko ɗanta ya taɓa littafi yau. Na ce mata gobe zan nemo masa tsohon na taifin ɗin, ta amsa da cewa in dai akwai dodanni a ciki kada in soma.