Tara ta Ingila, goma ta Inna

Ranar Lahadi 30 ga Oktoba, 2022, kwanana tara kenan a Manchesta. Tun kafin in baro Kano muka yi da Inna cewa zan riƙa kiranta ƙarfe tara na safe, bayan ta sallami yara sun tafi islamiyya. Waya ta nuna tara, na kira. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce goma ta yi, har ta fara tunanin ko ba lafiya ba. Na ce mata ai cikin dare aka mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya.

"Wa ya mayar?"

Na ce gwamnati.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ita ranar ma sun mayar da ita?"

Har ta bar duniya ba ta yarda da wannan tsari ba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da na Najeriya, sauran watannin kuma muna baya da awa guda. A wurin Inna, watannin sanyi su ne watannin da Turawa ke ƙarya.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, da na haihu kuma na koma "uwar yaran nan". Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Baba ya rasu, ya bar mata mu shida a wani ɗan gida a Gwammaja. Tana fita daga takaba ta kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A saro mata gyaɗa daga Dawanau, ta soya, ta murje, a kai inji, ta durƙusa gaban turmi tana juya tunkuza har mai ya taso. Bayan hannunta duk tabon fallatsin mai ne. Da kwasar adashe ta biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare, da wata kwasar ta kai ni makarantar koyon aikin jinya. Ba ta taɓa yaba mini a gabana ba. Sai daga bakin maƙwabta nake jin wai ta ce allurata ba ta da zafi.

Da Birtaniya ta buɗe bizar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2020, abokan aikina suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Na yi jarrabawar Turanci sau biyu kafin in haye, na yi jarrabawar aikin jinya ta kwamfuta, na nemi aiki da kaina na samu. Maigidana malamin makaranta ne, ya ce in yi gaba, su biyo ni idan na zauna da gindina. Dangi kuwa suka sa ni a baki: mace ta tsallake miji da 'ya'ya biyu ta tafi Turai. Inna ta aika aka kwaso mata jikokinta da kayansu, ta ce duk mai magana ya zo ya same ta a ɗaki. Ba wanda ya zo.

Daren tafiya ta haɗa mini ƙullin kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, da kwalbar man shanu da dambun nama. Na ce mata doka ta hana shiga Ingila da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu. Ta zare su ba ta ce uffan ba, amma na ga ranta ya sosu, don kwana biyu ta yi a kan dambun nan.

Watannin farko ba na son tuna su. Ɗaki ɗaya na kama a Cheetham Hill, a gidan da muke mu biyar kowa da ƙasarsa. Cikin mako 12 dole in zauna jarrabawar gwajin aiki da ake kira OSCE kafin a ba ni lasisi, ni da na yi shekara 11 ina aikin. A Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. Turancin da na ci jarrabawa da shi daban, wanda tsofaffin Manchesta ke yi daban. Gero ma sai da wata 'yar Pakistan ta nuna mini shi a kantinsu, wai bajra, sannan na fara dama kunun tsamiya.

Sashen tsofaffi aka kai ni, kuma abin da ya fi ba ni wuya a can ba aikin ba ne, suna ne. Tsohuwa mai shekara 90, ta yi jika da ni, a ce in kira sunanta gatsau, ita ma haka take so. Ni da uwata ta haife ni take jin nauyin sunana! Sai da na yi wata guda harshena na sarƙewa. Gaskiya ana kula da su, magani a kan lokaci, gado mai tsabta, ba a ce wa kowa ya je ya sayo safar hannu. Amma akwai wadda za ta yi mako uku ba wanda ya leƙo ta. Na ba Inna labari, ta ce, "Ki riƙa shafa musu mai a ƙafa. Tsoho ta ƙafa yake jin an damu da shi." Haka ta yi wa kakarmu ta wajen uba shekara bakwai tana kwance. Na gwada, kuma gaskiyarta ne.

A Fabrairun 2023, lokacin da aka sauya takardun naira kuɗi suka ɓace a hannun mutane, ina turo kuɗi suna shiga asusu amma ba a iya ciro su. Ƙanena ya wuni a layin banki ya dawo hannu rabbana. Ashe Inna ta sake ɗora kaskon ƙuli, da ciwon gwiwarta, don a samu 'yan canjin karin kumallon yara. Ta hana kowa ya gaya mini. Babban ɗana ne ya yi suɓul da baka, shi da take kira "maigida", ƙanwarsa kuma "kishiya".

A Agusta suka taho da babansu. Inna ba ta raka su filin jirgin Malam Aminu Kano ba. A zaure ta tsaya ta ce, "Kishiya, tafi can, na huta da cin tuwona." Daga baya ƙanwata ta ce mini ƙananan kwanukansu biyu ba ta bari kowa ya ci abinci a ciki ba.

Cikin Janairun 2024 ina aikin dare, wayata na kulle a ma'ajiya. Da asuba na yi wa wata tsohuwa wanka, na taje mata kai, na shafa mata mai. Ƙarfe takwas na miƙa aiki, na buɗe waya na tarar da kira sama da ashirin. Ashe bayan sallar asuba Inna ta ce ƙirjinta, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Lokacin da na kira har an yi mata sutura. Ƙanena ya ce jana'iza ƙarfe goma. Na tsaya a tashar bas ina lissafi kamar wata sakara: goman Kano, tara kenan a nan. Ina cikin bas aka sallace ta, kafin in isa gida an nufi maƙabartar Ɗandolo da ita.

Ba tabarma a ƙofar gida, ba mai shigowa da sallama yana cewa ya haƙuri. Maƙwabcinmu ya ɗaga mini hannu kamar kullum. Sai da yamma matan Hausawa da muke haɗuwa da su a masallaci suka zo da kuloli, mu tara a ɗan falo. Wata ta ce a yi salatul ga'ib, wata ta ce ai an riga an yi mata salla a gida. Ni dai na ce su yi mata addu'a. Ranar uku na soya waina na kai masallaci, 'yan Somaliya da 'yan Pakistan suka ci suna tambayar sunanta.

Inna ba ta iya latsa waya ba, ƙanena ke riƙe mata ta yi magana a WhatsApp. Saƙonninta suna nan, ban goge ko ɗaya ba. Ba ta taɓa gane cewa ba kai tsaye nake jin ta ba, don haka kowanne da sallama yake farawa, sai ta ce, "Ke, kin tashi lafiya?" ta yi shiru tana jira. "Ya sanyi?" ta sake yin shiru. Idan na taso daga aikin dare nakan sa abin sauraro a kunne a cikin bas in kunna ɗaya. Shirun nata daidai yake da tsawon "lafiya lau, Inna", kuma a nan nake amsawa.