Daron ruwa da ƙafafun Baba

Shekara 11 na yi ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi ta ikilisiyarmu, kuma babu babin da nake jin daɗin koyarwa kamar Yohanna 13. Na san shi ciki da bai. Ina iya tsayawa gaban aji in bayyana yadda mutanen Yahudiya suke tafiya da buɗaɗɗen takalmi a kan hanya mai ƙura, yadda wanke ƙafar baƙo aikin bawa ne, yadda Yesu ya tuɓe mayafinsa ya yi ɗamara da tawul ya zuba ruwa a daro. 'Yan aji su yi ta gyaɗa kai. Amma in ban da ta 'ya'yana suna jarirai, ban taɓa riƙe ƙafar wani mahaluki da hannuna ba sai bana.

Ga yadda abin ya faro. Bara aka yi zaɓen dattawan ikilisiya, sunana ya shiga cikin waɗanda aka gabatar. Ana tsakiyar taro wani tsoho, wanda dukanmu muke kira Baba, ya miƙe ya yi magana biyu a kaina. Ta farko, wai na taɓa kashe kuɗin ajin Lahadi ba da iznin dattawa ba. Ta biyu, ya ce, "Yaron nan ya san Littafi, amma kansa ya yi masa girma. Bai isa ba tukuna." Ina da shekara 46 a lokacin, yana ce mini yaro a gaban matata da ɗalibaina. Ba a zaɓe ni ba.

Maganar kuɗin ba haka take ba, kuma ina da shaida. Akwai takardar da dattawa suka sa hannu, akwai rasit. Na nemo su a daren, na ninke, na sa a bayan Littafi Mai Tsarki nawa, tsakanin Ru'ya ta Yohanna da taswirori. Wata 8 suna nan. Duk wanda ya zo yi mini jaje sai in zaro in nuna masa, shi kuma ya ce, "Ai gaskiya tana wajenka." Kalmar nan ta zame mini kamar ruwan sanyi, kullum ina neman wanda zai sake faɗa mini ita.

Sai Baba ya kwanta. Shanyewar ɓarin jiki, gefen dama. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, wadda take kusa kuma aiki ba ya barinta kullum. Fasto ya tsara masu zuwa taimako, bayan sujada ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, Talata da Juma'a da yamma naka ne. Wanka da gyaran jiki." Na ce masa zan yi addu'a a kai. Mu da muke cikin ikilisiya mun san ma'anar wannan magana a bakin da yawa daga cikinmu, hanya ce ta cewa a'a ba tare da an kama ka da laifi ba. Kwana biyu bayan haka na koma masa da abin da na ɗauka dabara ce mai kyau: zan biya wani ya riƙa zuwa a madadina, har in ƙara da kuɗin magani. Fasto bai yi musu ba, ya ce kuɗin maganin ana so, amma ranakun nan biyu suna nan da sunana.

Matata ce ta fasa ƙwan. Na gama yi mata bayanin yadda kuɗin zai fi amfanar Baba fiye da hannuna da bai iya jinya ba, sai ta ce, "Maigida, ni dai kukan tumaki nake ji." Ta san ni na koya mata wurin. A 1 Sama'ila 15, an umarci Saul ya hallaka duk abin da ke na Amalekawa, sai ya bar sarki Agag da rai, ya ware tumaki da shanu mafi kyau. Da Sama'ila ya iso, Saul ya tare shi da fara'a yana cewa ya cika umarnin Ubangiji, annabin kuwa ya tambaye shi, to wannan kukan tumakin da nake ji fa? Saul ya ce ai don hadaya aka ajiye su. Daga nan ne amsar nan ta fito, cewa biyayya ta fi hadaya. Abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da nake koyarwa shi ne, Saul bai ce ya ƙi ba. Musanya ya yi. Ya ajiye abin da aka ce ya yi, ya kawo wani abu mai kama da ibada, mai tsada ma, wanda shi ya zaɓa. Ni ma da an ce in je asibiti in yi wa'azi, ko in shugabanci tara gudummawa, da gudu zan tafi. Haka Na'aman ya yi fushi da aka ce ya yi nutso sau 7 a Kogin Urdun, yana cewa kogunan Dimashƙu sun fi, sai da barorinsa suka tambaye shi, da wani babban abu annabi ya sa ka, ashe ba za ka yi ba?

Ranar Talata na tafi, zuciyata ba ta so.

Na tarar da shi a kwance, bakinsa ya karkace, idonsa ɗaya yana zubar da ruwa. Ya gane ni sarai. Na ce, "Baba, sannu da jiki." Ya yi wata magana da ban ji ba. 'Yarsa ta nuna mini yadda ma'aikaciyar jinya ta koya mata: a gwada ruwan da gwiwar hannu kafin a taɓa shi da shi, domin gefen da ya shanye ba ya jin zafi sosai, ana iya ƙona shi bai sani ba. Muka zaunar da shi a bakin gado, ta fita, na durƙusa na jawo daron.

Ƙafar daman na fara ɗagawa. Ban taɓa sanin ƙafar mutum tana da nauyi haka ba. Sanyi ƙalau, ta kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Diddigen duk faso, farcen babban yatsa ya yi kauri ya lanƙwashe yana neman shiga nama. Na sa ta a ruwa, na cuɗa da sabulu, na bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, na tsane da tawul. Da na kai hannu ga ta hagun, mai lafiyar, sai ya janye ta baya da ƙarfi. Ya ce, "Bari." Wannan kam na ji ta sosai. Na ɗaga kai, na ga ya kau da fuska yana kallon bango.

A hanya ina zuwa, tunanina duka a kaina yake, yadda ni malami zan durƙusa gaban wanda ya ci mini mutunci. Ban taɓa kawo cewa shi ma abin zai yi masa ciwo ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa a taro kowa ya yi shiru, yau yaron da ya ce bai isa ba shi ne yake riƙe da ƙafarsa. Bitrus ma haka ya yi, ya ce wa Ubangiji ba za ka taɓa wanke ƙafafuna ba. Kullum ina koyar da wannan a matsayin garajen Bitrus. A ranar na ga kunya ce, irin ta wanda ba ya son a ga dattinsa. Na ce, "Baba, ruwan zai huce." Muka yi shiru ni da shi. Can ya miƙo ƙafar.

Da na koma gida na sake karanta Yohanna 13, na ga abubuwan da idona yake tsallakewa. Aya ta 3 ta ce Yesu ya san Uba ya ba da kome a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma za shi, sa'an nan ya tashi ya ɗauki tawul. Wanda ya san ko shi wane ne, durƙusawa ba ta rage masa kome, ni kuwa da nake rawar jiki a kan matsayina, ashe ban tabbata da shi ba ne. Luka 22 ya nuna a wannan dare ne almajiran suke gardama a kan wane ne babba a cikinsu. Yahuza kuma yana wurin. Aya ta 11 ta Yohanna 13 ta ce Yesu ya san wanda zai bashe shi, kuma sai a aya ta 30 Yahuza ya fita cikin dare. Ke nan ƙafafun da suka jagoranci masu takuba da kulake zuwa Getsamani, wankakku ne, hannun Yesu ne ya tsane su 'yan sa'o'i kaɗan kafin nan.

Washegarin daren da aka kama Yesu, da safe, wani ma ya sa aka kawo masa ruwa. Bilatus, gwamnan Roma a Yahudiya daga wajen shekara ta 26 zuwa 36, wanda a 1961 aka tono dutse mai ɗauke da sunansa a Kaisariya. Mutumin nan bai rasa sanin yadda al'amarin yake ba. Sau 3 a Bisharar Yohanna yana cewa bai sami Yesu da laifi ba, Matiyu kuma ya ce ya san don hassada aka kawo shi. Duk hujja tana hannunsa. Amma da aka ce masa in ka saki mutumin nan kai ba abokin Kaisar ba ne, sai ya auna kujerarsa, ya karɓi ruwa ya wanke hannuwansa a gaban jama'a. Shi ne kuma ya tambaya, mece ce gaskiya, ya juya ya fita bai jira amsa ba, alhali wanda ya ce shi ne gaskiya yana tsaye a gabansa.

Takardun da ke bayan Littafina gaskiya suke faɗa, har yanzu ban canja magana a kan wannan ba. Sai dai abin da na yi wata 8 ina yi da su, wankin hannu ne. Baba ya faɗi magana biyu, ɗaya ba daidai ba, ɗaya daidai. Na rungumi wadda ba daidai ba ina yawo da ita gida gida, don kada in zauna ni kaɗai da ɗayar. Rasit yana iya wanke ni daga zargin kuɗi, amma ba shi da abin cewa game da girman kai. Kuma da nazari kaɗai ba zan taɓa ganin wannan ba, don na fi kowa iya kare kaina da ayoyi. Sai da gwiwata ta taɓa ƙasa. Yesu ya gaya wa Bitrus, abin da nake yi ba ka gane shi yanzu ba, amma za ka gane daga baya. A Yohanna 7:17 ma haka jerin yake, wanda ya yi niyyar aikata nufin Allah shi ne zai san ko koyarwar daga Allah take. Ni na saba da akasin haka, a fara gamsar da ni tukuna.

Kada wani ya ɗauki wannan ya mai da shi sanda. Na ga inda ake amfani da kalmar biyayya a toshe bakin wanda aka zalunta, wannan kuwa ba na Allah ba ne. Manzanni da kansu sun tsaya gaban majalisa sun ce wajibi ne mu yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Da Fasto ya ce in amsa laifin kuɗin da ban ci ba don a zauna lafiya, da na ƙi. Abin da ya sa ni kuwa, umarni ne da yake rubuce tun kafin a haife shi.

Duk ranar da na sa gwiwar hannu a ruwan nan sai in tuna Fada Damien, ɗan Beljiyam da ya tafi tsibirin Molokai a 1873 ya zauna da kutaren da aka keɓe a can. Yana ɗaure musu miki, yana sassaƙa akwatin gawa, yana haƙa kabari. Ana ba da labarin cewa ya gane shi ma ya kamu ne ranar da ya tsoma ƙafarsa a tafasasshen ruwa bai ji kome ba. Ya rasu a can a 1889. Tuna shi yana da amfani a gare ni, domin tun mako na uku na fara jin wani sabon daɗi yana tsirowa, na cewa dubi yadda nake da tawali'u. Har wannan rubutun ma ban amince da zuciyata a kansa ɗari bisa ɗari ba. Yamma biyu a mako ce kawai, kuma aikin da aka sa ni ne.

Baba bai ba ni haƙuri ba, ban ma san ko yana tuna abin da ya faɗa a taron ba. Takardun na cire su daga Littafin, amma ban yaga ba, suna cikin aljihun tebur. Fason diddigensa ya fara rufewa tun da muke shafa mai kullum, farcen kuma ma'aikaciyar jinya ta ce kada in taɓa, ita za ta yanke. Maganarsa ta ɗan fara fita. Juma'ar da ta wuce, ina durƙusawa ya riga ni miƙo ta hagun, ya tsoma, ya yamutsa fuska.

"Malam," ya ce, "ruwanka ya yi sanyi yau."

Na ce, "To Baba, bari in ƙaro na zafi." Na tashi na ɗauko butar.