Ƙaiƙayin Jiki Bayan Tiyatar Kansar Hanta: Ga Matasa Masu Jinya

A gidajenmu na Kano, idan an sallamo dattijo daga asibiti, nauyin jinya yakan faɗa kan matasan gida ne, kuma su ne suke fara ganin duk wani canji a jikinsa. Lokacin da aka cire wa mahaifina wani sashe na hanta saboda kansa, ya fara susa ba dare ba rana, ni kuwa na ɗora laifin a kan hunturu, na sayo masa Piriton a kemis, na kuma yarda aka ba shi jiƙon sassaƙe. Jinkirin nan ya wahalar da shi ƙwarai, shi ya sa nake roƙonku kada ku bi sawuna.

Ba kowane ƙaiƙayi ne abin tsoro ba. Wurin ɗinki yakan yi ƙaiƙayi idan yana warkewa, magungunan kashe zafi irin su tramadol da mofin suna jawo shi, bushewar fata ma haka, kuma man kaɗe yakan wadatar a nan.

Wanda ya kamata ku sa wa ido daban yake. Hanta ce take samar da ruwan matsarmama, wanda yake bi ta wata siririyar hanya zuwa hanji. Idan kumburi, ko tabon aiki, ko ƙari ya toshe hanyar, sai sinadaran ruwan matsarmamar su taru a jini. Wannan ƙaiƙayi ya fi tsananta da dare, ya fi kama tafin hannu da tafin ƙafa, kuma sau da yawa ba a ganin ƙurji, sai sawun farce kawai. Ku duba farin idon majinyacin da hasken rana, ba da kwan lantarki ba, ko ya yi ɗorawa irin ta ciwon shawara. Ku lura ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida kuma ya yi fari-fari. Magungunan kemis ba sa buɗe wannan hanya, jiƙo kuwa ƙarin aiki ne ga hantar da aka riga aka rage.

Ku mayar da shi wurin likitan da ya yi aikin, domin a auna bilirubin, wato sinadarin da ke sa ido ɗorawa, a jini, a ɗauki hoton ciki. Wani lokaci garin magani mai suna cholestyramine yakan sauƙaƙa, wani lokaci sai an sa ɗan bututu an buɗe hanyar. Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da ɗorawar ido, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati, ku nufi sashen gaggawa a daren.