Wa Aka Bari a Waje? Abin da Koyar da Sulhun 1919 Ya Nuna Mini

Tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana da daɗin koyarwa muddin ana kan batun faɗa. Da zarar an zo kan zaman sulhu na Faris, sai aji ya yi sanyi, yara su koma haddar sharuɗɗa don jarrabawa: kada sojojin Jamus su wuce 100,000, ta mayar wa Faransa yankin Alsas da Loren, ta biya diyya. Abin da aikin malanta ya nuna mini shi ne, sharuɗɗan ba sa zama a kan ɗalibi sai ya san wa ya rubuta su. Shi ya sa tambayar da nake buɗe darasin da ita guda ce: wa ya zauna a teburin, wa aka bari a waje?

An buɗe taron ranar 18 ga Janairun 1919. Ƙasashe fiye da ashirin sun turo wakilai, amma masu yanke magana huɗu ne: Wilson na Amurka, Lloyd George na Birtaniya, Clemenceau na Faransa da Orlando na Italiya. Ba a gayyaci Rasha ba. Jamus kuwa sai a watan Mayu aka miƙa wa wakilanta takarda an riga an gama rubutawa, aka ce in suna da ƙorafi su kawo a rubuce. Ranar 28 ga Yuni suka sa hannu a fadar Versailles, da sashe na 231 a ciki, wanda ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙin. A 1921 aka yanka musu diyyar mark biliyan 132 na zinare. Ko rikicin iyakar gona ne a gaban mai unguwa, wanda aka yanke wa hukunci ba a ji ta bakinsa ba zai ce ya yarda, amma yana jiran ranarsa ne.

A nan nakan ja kunnen ɗalibai kada tausayi ya kwashe su. Ita ma Jamus ɗin, da ta samu Rasha a ƙasa a watan Maris na 1918, sharuɗɗan da ta ƙaƙaba mata a Brest-Litovsk ba su da sauƙi ko kaɗan. Kuma Versailles ba ta zama uzuri ga abin da Hitler ya aikata daga baya ba.

Daga wannan zama aka haifi Ƙungiyar Ƙasashen Duniya (League of Nations), wadda aka kafa don hana sake ɓarkewar yaƙi, wadda ta fara aiki ranar 10 ga Janairun 1920, da mazauni a Geneva. Wilson ne ya fi kowa ɗaukar ta a ka, sai ga shi majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi amincewa, Amurka ba ta taɓa shiga ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Tun wajen rubuta kundinta ma an ga alama: Japan ta nemi a saka jimla guda da ke cewa launin fata ba ya fifita wata al'umma a kan wata, ta samu ƙuri'a 11 cikin 17, amma Wilson da ke jagorantar zaman ya ce sai kowa ya yarda, maganar ta mutu a nan.

Ban yarda da masu cewa ba ta tsinana komai ba. Ta raba gardamar tsibiran Aland tsakanin Finland da Suwidin a 1921, ta tsayar da faɗan Girka da Bulgeriya a 1925, ta samar wa 'yan gudun hijira takardar tafiya da ake kira fasfo ɗin Nansen, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da aka kafa a 1919 tana nan har gobe. Sai dai duk inda mai laifin babba ne, bakinta kan mutu. Da Italiya ta afka wa Habasha a watan Oktoban 1935, an sa mata takunkumi, amma aka cire man fetur daga ciki, aka kuma bar mashigin Suwez a buɗe ga jiragenta. Habasha mamba ce tun 1923. Sarki Haile Selassie ya je Geneva da kansa a watan Yunin 1936 ya kai kuka, makonni kaɗan bayan haka aka ɗage takunkumin.

Inda aji ke farfaɗowa shi ne idan na zo kan Kamaru, domin nan ne yara ke gane cewa maganar ta shafi gida. Kamaru a lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Jamus, kuma sojojin Najeriya suna cikin waɗanda suka yi wa Jamusawa ƙawanya a dutsen Mora da ke arewacinta, har suka miƙa wuya a watan Fabrairun 1916. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi: a watan Yulin 1919 Milner na Birtaniya da Simon na Faransa, ministocin harkokin mulkin mallaka na ƙasashensu, suka sa hannu a kan layin da ya raba ƙasar, Faransa ta kwashi kusan kashi huɗu cikin biyar. Sashe na 22 na kundin Ƙungiyar ya kira wannan riƙon amana, wai mutanen ba su isa tsayawa da ƙafarsu ba tukuna. Dikwa da Mubi suka faɗo hannun Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundere suka tafi Faransa, ƙasar Adamawa ta ci gaba da zama a rabe kamar yadda Turawa suka tsaga ta tun farko. Babu lamiɗo ko mai gari ko ɗaya a ɗakin da aka ja layin.

Sai bayan shekara arba'in aka tambayi mutanen yankin ra'ayinsu, a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya da ta gaji amanar. A ƙuri'ar 1959 'yan Arewacin Kamaru na Ingila suka zaɓi a jinkirta maganar. A ta watan Fabrairun 1961 suka zaɓi Najeriya, yankin ya zama Lardin Sardauna, 'yan Kudu kuma suka zaɓi Kamaru. Ko a ranar, zaɓi biyu kawai aka ajiye musu, ba a saka na zama ƙasa mai cin gashin kanta ba.