Fenti, Alli da Ƙusa

A Samaru shagona yake, ɗaki biyu da rumfa, ba nisa da ƙofar jami'a. Da safe ni da burushi ne, da la'asar yara su cika rumfar da fensir da gawayi. Sau biyu a shekara kuma mukan kwashe komai waje, mu shafe bango da fari, mu baje kolin zane. Maƙwabcina mai walda har yau bai san sunan da zai kira sana'ata ba, "Malam mai fenti" kawai yake ce min.

Zariya ta daɗe da sanin wannan harka. A nan ne a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai, suka haɗa ƙungiya suka ce ba za su bi salon Turawa ido rufe ba, sai sun gauraya shi da na gida. Marigayi Gani Odutokun ya koyar a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello har ya rasu a haɗarin mota a 1995, kuma tsofaffin ɗalibansa na ambatonsa har gobe. Duk da haka mafi yawan masu shigowa wurina tambayarsu ɗaya ce: nawa zan rubuta musu allon shago? Ina rubutawa, ba na jin kunya. Da kuɗin allon mai shayi na sayi fentin mai na farko.

Kambas ɗin waje, wato yadin da ake zane a kai, ya fi ƙarfin aljihu, don haka yadi mai kauri nake saye, kafinta ya haɗa min firem, in ja yadin har ya yi ƙara kamar ganga, in shafe shi da farin fentin gida gauraye da gam. Da hunturu ba na taɓa fentin mai, domin yakan yi kwanaki bai bushe ba, ƙura kuwa ba ta jira. Akirilik nake komawa, fenti mai saurin bushewa. Da damina funfuna ce abokiyar gaba, gara kuma ba ta da lokaci.

Koyarwar ce ke biyan haya, in za a faɗi gaskiya. Uban da ya kawo ɗansa yakan ja ni gefe ya ce, "Malam, ba dai mutum-mutumi za ka koya masa ba?" In ce, "Alhaji, zauna ka gani." Ba na jayayya da kowa kan zanen mai rai, na bar wa malamai fagensu. Da dagi muke farawa, da zayyanar allo irin ta sauka, da adon bangon gidajen birni. Nakan kai manyan cikinsu su ga bakan gizon rufin tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa. Yaron da ya iya raba da'ira gida takwas ba tare da ma'auni ba, hannunsa ya zauna, sauran koyo ne.

Shirya baje koli shi ne aikin da ba wanda yake gani, kuma shi ya fi cin rai. Mutane suna zaton buga ƙusa ne a rataye. A'a. Za a kawo maka zane arba'in, bangonka ashirin yake ɗauka, kowane mai zane kuma yana ganin nasa ne ango. Dole ka ce wa abokinka nasa bai shiga ba, ka kuma haɗu da shi a masallaci da magariba. Bayan zaɓe sai jeri. Ja mai ƙarfi in ya zauna kusa da mai launin toka, ya cinye shi ɗanye. Tsakiyar kowane zane nakan sa ta daidai idon mai kallo, wajen santimita 150 daga ƙasa, in ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa don kada wani ya ɗara wani. Ga fitila, ga 'yar takardar suna da shekara da farashi, ga janareta saboda wuta ba ta da alƙawari. Kamashona kashi 30 ne in an sayar. Masu sayen gaske suna Abuja da kuma Legas inda ake yin baje kolin zane na Art X tun 2016, don haka rabin cinikin ta WhatsApp yake ƙarewa, sai a naɗe a kwali a kai tasha.

A baje kolin bara, daren buɗewa ya rage kwana ɗaya, wata ɗalibata 'yar shekara 16 ta kawo zanen rijiyoyin rini na Ƙofar Mata da ke Kano, shuɗi kan shuɗi, babu mutum ko ɗaya a ciki sai sandunan marina. Bango ya cika. Na zagaya ɗakin sau uku ina neman wanda zan sauke, duk inda na tsaya sai idona ya koma kan nawa, wanda na yi wata biyu ina fama da shi na kuma ba shi bangon da ke kallon ƙofa. Na sauke shi na rataye nata a ƙusar. Nawa yana nan bayan kabad, na ɗora shi kan bulo biyu saboda gara.