Godiya ga Allah, sannan ga Sistar da ta tsaya a kan Hajiyarmu

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. An sallami Hajiya, mahaifiyarmu mai ciwon suga, daga asibiti. Tana ɗakinta yanzu haka tana barci, kuma da ƙafafunta biyu ta dawo gida. Ƙaramin yatsan hagu kawai aka cire, wanda dama ya riga ya mutu tun kafin mu isa asibiti. Ba wayonmu ba, ba dabararmu ba, yin Allah ne.

Ba zan sake jan ku cikin labarin ba. Kun bi mu tun daren da Yaya ya yi rubutu a nan yana neman addu'a. Kun san zancen kaskon wutar da ya ƙona wa Hajiya ƙafa ba ta ji ba, kun san abin da aka faɗa mana a asibitin farko, kun san ranar da aka ajiye mana takardar yanke ƙafa aka ce mu je mu yi shawara. Saƙonninku suna nan jibge a wayata, wasu ban buɗe ba, wasu na buɗe hawaye ya hana ni amsawa. Ku yi mini afuwa. Har yanzu barcina rabi da rabi ne, da na rufe ido sai in ji ƙarar keken magani a kunnena. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, shi ya sa na ce duk gajiyar nan sai na rubuta.

Akwai dare ɗaya da ban ba ku labarinsa ba.

Bayan an yi aikin yatsan ne. An yi wa Hajiya allurar insulin ta yamma, maganin da ke saukar da suga, aka kawo tuwo, ta yi loma biyu ta ture kwanon, ta ce bakinta ba daɗi. Wajen ƙarfe uku na dare Gwaggo ta girgiza ni a kan tabarma. Ana tsananin sanyi, kowa a ɗakin ya ƙudundune cikin bargo, amma Hajiya ta jiƙe sharkaf da gumi har matashin kai. Hannunta na karkarwa. Idonta a buɗe amma ba mu take gani ba, Baba take kira, Baban da ya rasu shekaru da dama. Gwaggo ta durƙusa a kunnenta ta fara laƙƙana mata kalmar shahada. Matar da ke jinya a gadon kusa da mu ta soma salati da ƙarfi. Ni dai ban san lokacin da na isa teburin nas-nas ba, ko takalmi babu.

Sista ta taso ba gudu ba ihu, na'urar gwajin suga na aljihunta. Ta dafa goshin Hajiya, ta yi mini tambaya ɗaya tak: "Ta ci abinci bayan allura?" Kafin in rufe baki ta soki yatsa ta ɗiga jinin. Na'urar ta nuna 2.1. A lokacin ban san ma'anar lambar ba, daga baya ta gaya mini cewa duk abin da ya yi ƙasa da 3.9, ko 70 a na'urorin da ke ƙirga da manyan lambobi, suga ya faɗi ke nan, kuma faɗuwarsa ta fi hawansa saurin kisa.

Gwaggo ta riga ta ɗauko ruwan zamzam za ta ɗura mata. Sista ta riƙe hannunta a hankali ta ce, "Gwaggo, ki ci gaba da addu'arki, muna buƙatarta. Amma kada a zuba mata komai a baki yanzu, zai sarƙe ta ya wuce huhu." Ta tura abokiyar aikinta kiran likita, ta zuƙo ruwan gulukos mai ƙarfi a babban sirinji, ta haɗa da kanular da ke hannun Hajiya tana turawa sannu sannu. Ɗaya hannun nata yana cikin na Hajiya, tana cewa, "Hajiya, Hajiya, ki dawo, ga 'yarki nan tsaye." Mintoci kaɗan, waɗanda a wurina sun fi shekara, sai Hajiya ta ƙifta ido. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Lafiya kuka taru a kaina? Ina ɗankwalina?"

Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube a ƙasa.

Sista ba ta koma kujerarta ba. Ta sake gwadawa bayan minti 15, ta ɗauko filas ɗinta na shayi da burodin da ta taho da shi don kanta, ta zauna a bakin gado tana lallashin Hajiya tana ba ta a baki, har ta ci. Haka ta yi ta zuwa tana gwadawa har aka kira assalatu. Da ta same ni a baranda ina kuka ta ce, "'Yar uwa, tashi ki wanke fuska, kada Hajiya ta gan ki haka hankalinta ya tashi." Su biyu ne rak a kan ɗakin mata gaba ɗaya a daren nan, ga wata tsohuwa a can ƙarshe numfashinta na sama sama.

Ta roƙe ni kada in rubuta sunanta, kuma na yi alkawari. Amma duk wadda ta kwana a ɗakin nan ta san Sista mai farin gilashi, wadda ke fara gaida majinyata ɗaya ɗaya kafin ta buɗe fayil. Sista, na san za ki ga wannan. Ba ni da abin biyanki.

Kashegari kafin ta tashi daga aiki ta ce in kawo mata jakar magungunan da muke amfani da su a gida. Ta zazzage a kan gado, ta ɗaga kwalbar insulin a hannu ɗaya, sirinji a ɗaya, ta yi shiru. A jikin kwalbar an rubuta U-100. A jikin sirinjin, mai jan murfi, an rubuta U-40. Ta ce kowane insulin da irin sirinjinsa, na U-100 murfinsa ruwan lemo ne. Idan aka zuƙi mai ƙarfin 100 a sirinjin 40 har layin 10, abin da ya shiga jiki 25 ne, ninki biyu da rabi. Sumewar nan da Hajiya ta riƙa yi a gida kafin zancen ƙafa, wadda wasu suka ce hawan jini ne, wasu suka ce a nemo mai ruƙiyya, ga dalilinta nan a tafin hannun Sista. Wanda ya sayar mana da sirinjin a kemis bai san bambancin ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, don shi ma ba wanda ya koya masa.

Na tambaye ta ina ta san duk wannan. Ta ce a makarantar koyon jinya an koya musu ciwon suga, amma babi ne ɗaya cikin babuka masu yawa. Wani kwas ne na musamman da aka tura ta, na horar da ma'aikatan jinya kan kula da masu ciwon suga, ya buɗe mata ido. Kuma abin da ta koyo bai tsaya a kanta ba, mu ma ta zaunar da mu ta koya mana. Ni da ƙanwata ta sa mun yi ta gwada allura a jikin lemon zaƙi har hannunmu ya daina rawa, ta nuna mana yadda ake sauya wurin allura a ciki da cinya don kada fata ta yi ƙulli ta hana maganin shiga daidai. Ta ce idan suga ya faɗi kuma Hajiya na cikin hayyacinta, ƙaramin cokali uku ko huɗu na suga a ruwa, a jira minti 15 a sake gwadawa, sannan a ba ta abinci. Idan ta suma, sai asibiti.

Abin da ya fi taɓa ni gwajin ƙafa ne. Ta ce Hajiya ta rufe ido, ta ɗauko wani siririn tsinke na roba tana taɓa tafin ƙafar dama, mai lafiyar, wuri bayan wuri, tana tambaya, "Hajiya, kin ji?" Hajiya ta ce, "Ai ba ki fara ba tukuna." A nan na fahimci yadda mutum zai ajiye ƙafa a gefen kasko har garwashi ya cinye fata bai janye ba. Suga ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji a hankali, ba wanda ya taɓa cire wa Hajiya takalmi ya duba. Yanzu mun san a duba ƙafa kullum har da ƙarƙashi da madubi, a goge tsakanin yatsu bayan alwala, a zazzage takalmi kafin a sa, kada ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, a taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu kafin ta sa ƙafa, a bar yanke farce da reza, kasko kuwa an fitar da shi daga ɗakin har abada. Da na ce mata wutar unguwarmu ba ta da tabbas, firji ba ya riƙe sanyi, sai ta ce a samo tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a sa kwalbar a busasshiyar roba a ciki. Dabarar nan ce da malamin nan ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don adana kayan miya har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ko zancen azumi ba ta bari ba, don ta san Hajiya. Ta ce a zo a ga likita tun kafin watan ya kama, kuma gwajin yatsa ba ya karya azumi.

Likitocinmu sun yi ƙoƙari, musamman babban likitan tiyata da ya ce a ba ƙafar nan dama kafin a kai ga zarto, Allah ya saka masa da alheri. Amma likita zagaye yake yi ya wuce, majinyata sun yi masa yawa. Da ƙarfe uku na dare nas ce a ɗakin. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba, a Najeriya kaɗai kusan miliyan 3.6. Tun 1921 aka gano insulin a Toronto ta Kanada, an haura shekara ɗari, amma har yau sirinji na iya kai uwar mutum bakin kabari a garinmu. Kowace 14 ga Nuwamba ana bikin ranar ciwon suga ta duniya, a 2020 ma taken ranar a kan ma'aikatan jinya ne. Roƙona ga gwamnatocin jihohinmu, da hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, da ƙungiyar masu ciwon suga ta Najeriya, da masu hannu da shuni: irin kwas ɗin da aka tura Sista a yawaita shi, a kai shi har ƙananan asibitocin ƙauye inda nas ɗaya ce likita ita ce komai, a sa masu kemis a ciki. Kuma a riƙe su da albashin da zai zaunar da su, don ƙawayenta da dama sun tafi Ingila da Saudiyya, ita ma ban san ranar da za ta gaji ba.

Sauran godiya. Matron, wadda ta sa aka matsar da gadon Hajiya kusa da teburin nas-nas bayan daren nan. Ɗan saurayin nas mai wankin ciwo, wanda ke ce wa Hajiya "Kaka" yana ba ta labarin garinsu don ta manta da zafi. Masu shara da Baba mai gadi da ya riƙa buɗe mini ƙofa in an wuce lokaci. Maman 'yan biyu maƙwabciyarmu, kin ce kada in faɗa, amma sai na faɗa: ke kika riƙe mini yara, ke kika koyi dafa faten wake da ganye ba mai da yawa saboda Hajiya, kullum kwanonki na isowa da ɗuminsa. Malam limamin masallacin layinmu da jama'arsa da suka haɗa kuɗin magani. Mai adaidaitan da ya kai mu daren farko ya ƙi karɓar ko sisi. Abokan aikin Yaya da suka ba da jini. Abban yara, wanda bai taɓa ɗaga mini gira ba duk tsawon kwanakin da na bar masa gida. Gwaggo, da tsufanki kika kwana a siminti saboda matar ɗan'uwanki.

Akwai waɗanda Hajiya ta riƙa tambaya, duk aka buɗe ƙofa sai ta ɗaga kai. Wasunsu a cikin garin nan suke, wasu a bayanta aka goya su. Na yi ta ce mata aiki ne ya riƙe su. Ba komai, Allah ya ba kowa uzuri na gari, amma dai zumunci a ƙafa yake, kuma har yanzu tana tambaya.

Ya Allah, Ka saka wa duk wanda ya taimake mu da mafificin alheri, wanda na ambata da wanda na manta. Ya Allah, Ka yi wa Sista albarka a rayuwarta da zuri'arta, Ka tsare mata iyayenta, Ka sa hannun da ta riƙe uwata da shi ya karɓi littafinsa ta dama. Ka jiƙan tsohuwar gadon ƙarshe da ba ta fita da rai ba, Ka ba iyalanta haƙuri. Ka ba waɗanda muka baro a kwance lafiya, Ka buɗa wa masu neman kuɗin insulin ƙofa ta inda ba su zata ba. Ka jiƙan Baba, Ka haskaka kabarinsa. Ka ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana mai albarka, Ka ba mu ikon yi mata hidima har ƙarshe. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take daga bayan la'asar, da safe muna zuwa wankin ciwo. Don Allah kada a kawo lemon kwalba ko madarar gwangwani mai zaƙi, kuma kada a kawo maganin gargajiya, Hajiya ba ta iya mayar da kyautar baƙo.